Sitiyari Na Rawa Idan An Taka Birki: Tambayoyin Masu Mota Da Amsoshinsu

Da wuya mako ya fita ba a shigo mana gareji da wannan kuka ba: "Oga, da zarar na taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannuna." Wani ya riga ya canja fad, wani ya yi balansin har sau biyu, wani kuma wata uku ke nan da aka sa masa sabon diski, ga shi cutar ta dawo. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancinsu kuɗin da suka kashe ya isa a yi gyaran ƙwarai, amma aka yi ta canja kaya ba a nemi tushen matsalar ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa a gindin mota.

Me ke kawo wannan rawar tun farko?

A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da muke kira diski, yana juyawa tare da tayar. Idan ka taka birki, kalifa ce ke matse shi da fad guda biyu, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. Muddin kaurin diskin ɗaya ne ko'ina, mota za ta tsaya sumul. Idan kuwa wani gefe ya fi wani kauri, to a kowane zagaye sai fad ya kama da ƙarfi, ya sassauta, ya sake kamawa. Wannan kama-da-saki shi ke fizgar tayar, tayarod kuma, wato sandar da ke haɗa taya da sitiyari, ya kawo fizgar har hannunka.

Tayar ƙaramar mota irin Corolla tana zagayawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda idan kana gudun kilomita 100. Shi ya sa a babbar hanya abin ke zama girgiza sosai, a cikin gari kuwa ba lallai ma ka ji komai ba sai ɗan motsi a ƙafa.

Bakanike ya ce mini diski ne ya lanƙwashe. Haka ne?

Haka muke faɗa a gareji, don ita ce maganar da kowa ke ganewa, amma ba kasafai take zama ainihin abin da ya faru ba. Diski zubin ƙarfe ne mai kauri, bai cika lanƙwashewa kamar murfin kwano ba. Abin da aka fi samu shi ne fuskarsa ta ci ba daidai ba, kuma ta hanya biyu hakan ke zuwa.

Ta farko, diskin bai zauna daram a mazauninsa ba. Ya ɗan karkace, yana lilo kaɗan idan yana juyawa. Ko ba ka taka birki ba, a kowane zagaye gefen da ya turo sai ya shafi fad. Yau da gobe, bayan an ci 'yan dubban kilomita, wurin ya zaizaye ya fi sauran siranta.

Ta biyu zafi ne. Ka taho da gudu, ka danna birki da ƙarfi, diski ya ɗauki zafi, sannan ka tsaya cak ƙafarka na danne a kan feda. A nan fad yake barin wani abu daga jikinsa manne a wuri ɗaya. Wani lokaci har shatin fad ɗin za ka gani a fuskar ƙarfen, kamar an buga hatimi. Wannan wurin ya fi sauran kamu, daga nan rawa ta fara.

Kuma abin ba ya buƙatar yawa. Bambancin kauri na kusan milimita 0.02 ya isa a ji shi, alhali silin gashin kai ma ya fi haka kauri. A ƙananan motoci da yawa, irin su Corolla da Camry, iyakar lilon da kamfani ya yarda da shi a diskin gaba milimita 0.05 ne. Saboda haka duk wanda ya kalli diski da ido, ko ya shafa shi da yatsa, ya ce maka lafiyarsa ƙalau, bai auna komai ba.

Na tsaya a kan wannan ne da gangan. Wanda ya ɗauka lanƙwasa ce zai sayi diski ya kama gabansa. Wanda ya gane ci ne zai tambaya me ya cinye shi, kuma daga wannan tambayar gyara ke farawa.

Yaya zan bambance matsalar birki da ta taya?

Ka nemi hanya mai kyau wadda babu cunkoso, ka kai kamar kilomita 80, ka ɗage ƙafa daga totur ba tare da ka taɓa birki ba. Idan sitiyari na rawa a hakan, ka fara zargin taya: ko balansin ya kwance, ko wili ya lotse a rami, ko tayar ta yi ƙululu. Irin wannan rawar ta fi fitowa tsakanin kilomita 80 da 110, takan kuma lafa idan gudun ya canja. Idan kuwa sitiyari na zaune lafiya sai da ka ɗora ƙafa a birki ya fara, to maganar tana wajen birkin gaba.

Ka kuma lura da inda kake jin abin. A hannu, gaba ne. A kujera da jikin mota, sitiyari kuma shiru, to a duba baya, ko diski ne ko dram, wato birki mai kama da kwano da wasu motoci ke da shi a baya.

Ni a feda nake jin bugu, ba a sitiyari ba. Duk abu ɗaya ne?

Ya danganta da lokacin da yake zuwa. Idan sai ka take birki da ƙarfi kwatsam, ko a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi, sannan feda ta yi ta kar-kar-kar a ƙarƙashin ƙafarka, wannan ABS ne yake aikinsa, yana hana taya kullewa. Kada ka ɗaga ƙafa, ka ci gaba da dannawa. Amma idan a birki na yau da kullum, a busasshen titi, feda na turo ƙafarka sama da ƙasa a hankali, wannan diski ne ko dram.

Akwai haɗari? Ina da tafiya gobe.

Akwai. Birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da mota, fad ɗin da ke kamawa yana saki kuwa ba ya riƙe diski yadda ya kamata. Ranar da akuya ko ɗan acaɓa zai faɗo maka titi, ranar za ka nemi wannan riƙon. Ban da haka, girgizar tana cin tayarod da bushin da boris a hankali.

Idan 'yar rawa ce da ba ta fitowa sai a babban gudu, za ka iya lallaɓawa zuwa gareji, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Amma kada ka ɗauki hanya idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: mota na ja gefe guda in ka taka birki, ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, ƙauri daga wata taya, feda na nutsewa ƙasa, ko fitilar birki ta kunnu a gabanka. Gara ka fasa tafiyar ko ka bi motar haya.

A yi skimin ne, ko a sayi sabo?

Skimin shi ne a ɗora diski a kan inji a fere fuskokinsa biyu har su daidaita. Gyara ne na gaskiya, idan diskin yana da sauran nama. Kowane diski akwai iyakar sirantar da aka rubuta a jikinsa, galibi a baki-baki ko a tsakiya, an sa MIN TH da lamba a gaba. Ka ce a goge tsatsar wurin a nuna maka. Tsakanin sabon diski da wannan iyaka yawanci milimita 2 zuwa 3 ne kawai, saboda haka wanda aka daɗe ana amfani da shi ba shi da abin da za a fere. Idan bayan skimin kaurin zai sauka ƙasa da lambar, a jefar da shi. Siririn diski saurin ɗaukar zafi gare shi, rawar kuma za ta dawo da wuri fiye da da.

Wanda ya tsage, ko ya yi shuɗin tabo na ƙuna, ko fad ya ƙare har ƙarfe ya tona masa kwari mai zurfi, ni ba na kai shi wajen masu inji. Kuma kada ka yarda a sa injin gurza na hannu a ce za a gyara maka fuskar diski. Hannun mutum ba ya riƙe awon da ake magana a kai.

Na sa sabon diski, bayan wata biyu rawar ta dawo. Jabu aka sayar mini?

Yana yiwuwa, amma kafin a zargi mai shago a duba aikin ɗaurin.

Wani Alhaji ya taɓa kawo mini Camry, mutum ne mai yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Tun kafin ya gama fitowa daga mota yake cewa, "Malam, diski biyu na saya a shekarar nan, ko dai motar ce ta gaji?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu buɗe tukuna." Noti biyu na tayar dama sai da muka zura dogon fayif a sifana kafin suka motsa, sauran ukun kuwa ba su yi wata gardama ba. Da aka zare diskin, sai ga fuskar hob, wato kan da diski ke zama, ta yi ɓawon tsatsa ja-ja-ja, har da yashi a maƙale. A kan wannan dattin aka ɗora masa sabon diski sau biyu. Na sa yaro ya zauna da buroshin waya da sanfefa har sai da ƙarfen ya fito fes. Kafin gogewar, allurar agogon awo, wanda muke auna lilon diski da shi, tana wuce iyaka nesa ba kusa ba. Bayan an goge an mayar, sai ta natsu. Diskin da ya riga ya ci aka yi masa skimin, tunda sabo ne yana da kauri, aka sa sabon fad, aka ɗaure noti da awo. Bai ƙara dawo mini da wannan maganar ba.

Gugar nan ba ta cin minti goma. Ɓarɓashin tsatsa ƙanƙani a tsakiyar hob, idan aka je bakin diski ya zama lilo mai yawa, domin bakin ya yi nisa da tsakiya. Duk sa'ad da za a sa maka diski, ka tsaya ka ga an goge wurin.

Ɗaurin notin taya ma yana da hannu a ciki?

Ƙwarai kuwa. A yawancin motocinmu notin taya ne ke danne diski a jikin hob. Idan wani noti ya sha ɗauri fiye da kima, wani kuma bai kai ba, diskin ya zauna a karkace ke nan. Mun saba ganin mai faci ya sa fayif a sifana ya hau kai da ƙafa, ko a sa bindigar iska a ɗaure noti ɗaya tamau kafin a taɓa sauran. Da kyakkyawar niyya ake yi, don kada taya ta fita, amma ɓarna ce.

Yadda ya dace shi ne a fara ɗaura duka da hannu, sannan a bi su a tsallake, wannan sai na ƙetarensa, ba a jere ba, a zagaya sau biyu. A ƙarshe a sa sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙarfin da aka saita. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, Corolla da Camry Nm 103 suke so, Honda Accord kuma Nm 108. Na sauran motoci yana cikin littafin motar. Mai motar da ke yawan tafiya, in da hali ya mallaki tasa sifanar ya ajiye a but, bayan kowane faci ya sassauta ya sake ɗaurewa da kansa.

An ce kalifa ce ta kama. Me hakan ke nufi?

Kalifa tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu, kowanne da 'yar robar da ke rufe shi. Idan robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, girisin ya bushe, fil ya cije. Daga nan ko ka saki birki fad ba ya sakin diski gaba ɗaya, sai ya yi ta guga kana tafiya. Haka ma idan fistin ɗin cikin kalifar ya yi tsatsa.

Alamarta ba ta da wuyar ganewa. Bayan tafiyar kamar minti ashirin, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga wilin dama da na hagu, ba tare da ka taɓa ba. Idan ɗaya na huci fiye da ɗan'uwansa, a can take. In an buɗe kuma za a tarar fad ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan da kauri. Mota ma takan yi nauyi, ta ƙara shan mai.

A wanke fil ɗin, a canja robar da ta yage, a sa girisin birki mai silikon. Girisin boris na yau da kullum kumbura robar yake yi, bayan 'yan watanni fil ya sake cijewa. Sa sabon diski a ƙarƙashin kalifar da ta kama asarar kuɗi ce kawai.

Zan iya canja gefe ɗaya?

A'a. Diski da fad biyu-biyu ake canja su, dama da hagu tare. In ba haka ba ƙarfin kamun zai bambanta, mota ta riƙa ja gefe. Kuma sabon diski, ko wanda aka yi wa skimin, sabon fad ake sa masa.

Diskin Kwatano fa? An ce ya fi sabo ƙarko.

Na fahimci masu wannan ra'ayi, domin kasuwa ta cika da sababbin kaya marasa inganci, ɗan Kwatano kuwa sau da yawa na asalin kamfani ne. Ana samun masu kyau a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. Sai dai ka tuna daga jikin wata mota aka cire shi, ya riga ya ci wani abu daga kaurinsa, wataƙila ma da irin cutar da kake gudu. Idan za ka saya, ka tafi da bakanikenka da ma'auni, a gwada kaurin da lambar da ke jikinsa, a kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa in an ɗora ya yi lilo za a dawo da shi. Fad kam ban yarda a sayi tsoho ba, ko nawa aka rage.

Bayan an sa sababbin kaya, akwai abin da zan yi?

Akwai, kuma yawanci ba a faɗa wa masu mota. Sabon fad yana buƙatar ya saba da fuskar diski. Ka sami hanyar da ba kowa, ka kai kilomita 60, ka rage zuwa kamar 10 da matsakaicin birki ba tare da ka tsaya ba, ka sake tashi. Ka maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi 'yar tafiya ba birki don ya huce. A kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji birki mai tsanani, sai in dole ta kama.

Yadda nake tuƙi yana iya jawo abin?

Sosai. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san ƙaurin birkin da ke tashi a wurin. Direban da ya ɗora ƙafa a feda tun daga sama har ƙasa dafa diskinsa yake yi. A irin wannan gangara ka sauko da giya, inji ya riƙe maka motar. Mai manuwal ya koma giya uku ko biyu, mai otomatik ya ja zuwa 2 ko L, ko abin da ya yi daidai da su a motarsa. Birki kuma a riƙa taka shi ana saki, don ya sami iska. Idan ka sauka aka tsayar da kai a shingen bincike, kuma wurin shimfiɗe yake, ka ja birkin hannu ka ɗaga ƙafa daga feda.

Haka nan kada ka fito daga doguwar tafiya ka zarce wajen wankin mota a watsa wa wili ruwan sanyi. Ka ba shi kamar rabin awa. Motar da ta daɗe a ajiye a damina ma diskinta kan yi tsatsa ko'ina ban da inda fad ya rufe, sai ta ɗan yi rawa a fitar farko. Sau da yawa wannan kan wuce da kansa bayan 'yan birki.

An auna diski lafiya lau, amma rawar na nan. Sai ina?

Sai ƙafar mota. Tayarod, bol joyin, bushin da boris, duk wanda ya saki a cikinsu zai bar taya ta yi wasa idan nauyin mota ya dawo gaba lokacin birki. A ɗaga motar da jak, a sa mata abin tokare, a kama taya dama da hagu a girgiza: in akwai wasa, a duba tayarod. A kama sama da ƙasa: in akwai wasa, boris ne ko bol joyin. Bushin kuma a haska shi da tocila, a ɗan banƙara da ƙarfe a ga ko robar ta tsage. Ramukan hanyoyinmu sun fi cin waɗannan kayan fiye da komai. Idan an canja tayarod ko bol joyin, sai an yi alaimen. Amma alaimen shi kaɗai ba ya maganin rawar birki, kada a karɓi kuɗinka a kan haka.

Canja man birki zai taimaka?

Ba zai kawar da rawa ba, amma kada a yi sakaci da shi. Man birki yana jan danshi daga iska. Irin man da ake kira DOT 4, in sabo ne, sai ya kai maki 230 na zafi a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa tun a wajen 155. Wannan ruwan ne kuma ke sa fistin ɗin kalifa tsatsa. A zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa.

Bakanikena ba shi da kayan awo. Yaya zan yi?

Kanikawa da yawa masu hannu ne amma ba su da waɗannan kayan, ba kuma abin faɗa ba ne. Ka tambaye shi cikin mutunci ko za a iya aro ko a kai wa masu injin skimin, domin galibinsu suna da ma'auni. Abu biyu ake buƙata: maikromita, a auna kaurin diski a wuri takwas a zagaye, kamar milimita 10 daga baki, da agogon awo mai allura, a kafa shi a fuskar diski bayan an ɗaure da noti, a juya a hankali a ga iyakar lilon. Idan lilon ya yi yawa, a zare diskin a juya shi zuwa wani ramin noti a sake gwadawa, domin sau da yawa hakan kaɗai kan rage shi. In bai ragu ba, a kafa agogon a fuskar hob ɗin kansa. Hob ɗin da ya taɓa dukan rami mai tsanani yakan karkace, kuma in shi ne, to shi za a canja kafin a taɓa diski.